Shekarun da Aka Ƙara wa Gwaggo Rao

Gwaggo Rao ta kwanta tana da shekara saba'in da ɗaya, ta wayi gari tana da casa'in. A kan idona aka yi, domin rumfata tana manne da kemis ɗin Kangping, ɗan wanta. Madarar waken soya da baozi, wato ƙullun fulawa mai nama a ciki da ake turarawa, nake sayarwa, kuma duk abin da ke faruwa a ƙofar kantin nan, tururin tukunyata ne kawai ke tsakanina da shi.

Da safen nan Kangping ya hau tsani ya rataya wani jan ƙyalle mai ɗauke da hotonta. An rubuta da ruwan zinariya: SHEKARA CASA'IN, BA TA SAN ƘOFAR ASIBITI BA. SIRRINTA RUWAN TSAWON KWANA. Can sai ga matarsa Lifen ta fito da tsohuwar cikin sabuwar jar riga, har an goga mata ja a kumatu.

Na ce, "Gwaggo, yaushe kika tsufa haka ban sani ba?"

Ta ce, "Jiya, bayan mun ci abinci. Rufa mini baki, Dou, kada ki ɓata wa yaro kasuwa. Ni da ba a taɓa ɗaukata hoto ba sai na katin shaida, yau ga ni a saman kan kowa."

Ba mai iya ƙaryata ƙyallen, don ba a layinmu ta girma ba. Ita ta raini Kangping a ƙauye bayan rasuwar iyayensa, ba ta da ɗa nata, da ƙarfin noma ya ƙare mata ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin bayan kanti.

Kangping ya sauko daga tsani ya zauna a bencina, ya ce in ba shi baozi biyu. Ya ga yadda nake kallonsa.

"Yaya Dou, kada ki yi mini wannan kallon. Ke kin fi ni riba. Maganin hawan jini na wata guda, an yanka masa farashi, yuan huɗu. Abin da ke rage mini a ciki bai kai kuɗin ledar da nake zuba shi ba. Mutum ya zo da takardar likita, in miƙe, in duba, in yi masa bayanin na safe da na yamma, in ce ya gaida gida, duk a kan abin da ba zai saya mini rabin baozin nan ba. Wannan kuwa," ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ba ta fi babban yatsa ba, "ina saro kwalinsa a yuan sha takwas, in sayar ɗari da casa'in da takwas."

"Me ke ciki?"

"Zuma, da citta, da wasu saiwoyi. Ba ya kashe kowa."

"Yana warkarwa?"

Ya yi dariya, bakinsa cike. "Idan kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi. Ƙaro mini madara."

Da farko Gwaggo ta ji daɗin aikin, ba zan ɓoye ba. Mace ce mai son mutane, ga baki. Tana zaune kan kujera a ƙofar kanti, duk wanda ya tsaya karanta ƙyallen sai ta ce, "Ni ce, ba hoton kakata ba ne." Ta miƙe ta duƙa ta taɓa yatsun ƙafarta. Ta rera waƙar shukar shinkafa ta ƙauyensu. Idan mai saye ya ɗan yi jim, Kangping ya ce, "Gwaggo, nuna masa." Ta fasa kwalba a gabansa, ta ɗaga kai ta shanye, ta lashe leɓe ta ce, "Na ƙara wata guda." Mutane su yi dariya su shiga ciki. Tsofaffin layinmu suka koma ce mata Babbar Yaya. Wanda ya zo da takardar likita kuwa, sai Lifen ta duƙa kamar tana nema a can ƙasan kanta, inda aka mayar da ƙwayoyi masu araha, ta ɗago ta ce sun ƙare, amma ga abin da Gwaggo ke sha.

Abin da ba a rubuta a ƙyallen ba shi ne Gwaggo tana da ciwon suga.

Da kasuwa ta buɗe, sai kwalaben suka yawaita. Kowane mai saye yana so ya ga ta sha a gabansa. Ranar da kantin ke rabon ƙwai ga duk wanda ya yi sayayya, layi har bakin rumfata, ita kuwa tana ta ɗaga kai. Ta fara zuwa wurina neman ruwa, ta sha kofi bayan kofi.

"Dou, ni dai na zama kwarya mai huji. In zuba ta sama, ta fita ta ƙasa."

Sai dokoki suka fara. Wata rana ta yi tari a gaban wasu mata biyu, suka fasa saye. Da suka tafi na ji Kangping yana cewa, "Gwaggo, in tari ya zo ki shiga ciki. Mai shan Ruwan Tsawon Kwana ba ta tari." Sandar da take dogarawa ta bi baya, Lifen ta ɗora ta a kan kabad ta ce sai dare. Daga nan kujerar ta ɓace, wai wani ya ce da ganinta a tsaye ya yarda. Ɗakin shan magani na unguwa, inda ake auna mata suga, aka ce ta daina zuwa, kada wani ya gan ta a layi. Kangping ya ce shi ma yana da abin awo a kanti, zai riƙa auna ta. Ban taɓa ganin ya auna ta ba.

Jar rigar ta fara yi mata yawa. Lifen ta ɗauki allura ta rage ta, ta ƙara jan kumatu.

Wata rana da yamma Gwaggo ta zo bayan rumfata ta zauna kan buhun fulawa, ta cire takalmin ƙafar hagu. Ƙaramin yatsanta ya kumbura, akwai wani ciwo a gefensa mai ruwa.

"Takalmin ne ya ci ni. Sabo ne, ja, don ya dace da rigar. Abin mamaki ba ya mini zafi."

Rashin zafin ne ya tayar mini da hankali, domin ciwon marigayi mijina ma haka ya fara. Na bar tukunya a kan wuta na shiga kantin.

"Kangping, ka ga ƙafar Gwaggo?"

"Na gani. Na ba ta man shafawa, mai tsada ma, ban ce ta biya ba."

"Mai ciwon suga kake ɗura wa zuma tun safe har yamma. Kai fa ka karanci magani."

"Zumar daji ce, Yaya Dou, ba sukari ba ce. Kuma tana shan ƙwayarta a ɗaki, ban hana ba."

"To ka zuba mata shayi a kwalbar mana. Wa zai gane?"

Lifen ta ce daga bayan kanta, "Ni ma na faɗa masa. Ya ce mutane suna so su ji ƙarar murfin in an fasa."

Kangping ya tattara hannuwa. "Kin ga babban kemis ɗin da aka buɗe a tsallaken titi? Reshe ɗari gare su. Su kamfani ke rage wa farashi, ni in je saro kwali goma a kalle ni kamar mai bara. Ga haya, ga kuɗin makarantar yarinya. Gwaggo a gidan nan take ci, a nan take kwana. Waye a cikinmu ba ya aiki? Ni ina tsaye, Lifen tana tsaye. Kuma ki tambaye ta, ita take so. Da tana ƙauye wa ya san da ita? Bari sabuwar shekara ta wuce, zan kai ta babban asibiti a wani gari inda ba a san ta ba."

Na koma na tarar da ita tana mayar da takalmi.

"Gwaggo, ki ce ba za ki ƙara sha ba."

"In ce wa wa? Yaron da na goya har bayana ya yi kanta? Ba mugu ba ne, Dou, tsoro ne ya yi masa yawa. Tun yana ƙarami haka yake, in kaza ta bi shi sai ya tura ni gaba." Ta yi dariya. "Kuma in na ƙi, ina za ni? Gonar ma an sayar an zuba a kantin nan."

Ta miƙe tana dafa bango, da ta iso inda za a gan ta sai ta saki bangon ta miƙe ƙyam.

Babbar ƙawarta a layin ita ce Iya Mu, wata gajeriyar tsohuwa mai ƙarar murya wadda ke jan rawar tsofaffi a dandali kowace yamma. 'Ya'yanta suna aiki a birnin Shenzhen suna aiko mata kuɗi, ita kaɗai ce a gida. Iya Mu ba ta yarda wani ya fi ta ba. Tun da ta ga mai shekara casa'in tana taɓa yatsun ƙafa, ta ce ita ma sai ta kai. Ta zo da takardar maganin hawan jininta, aka ce ya ƙare. Ta sake zuwa, aka ce bai iso ba. Kangping ya ce mata, "Iya, araha ba ta ado. Abin yuan huɗu me zai yi wa jiki irin naki?" Ta fita da kwali uku.

Gwaggo ta bi ta har bakin rumfata ta kama hannunta. "Mu, ki tsallaka titi ki sayi ƙwayarki ki haɗa."

"Ke haɗawa kike yi?"

Kangping yana tsaye a ƙofa yana kallonsu. Gwaggo ta saki hannun. "Ni ai... jikin kowa daban."

"Baƙin ciki kike yi mini, Babbar Yaya. Kina so ke kaɗai ki kai ɗari, ki cinye mu a wasan majiang ba mai ramawa."

Ba a yi wata biyu ba Iya Mu ta yanke jiki ta faɗi a tsakiyar rawa, mafici a hannu, kiɗa na tashi. Wani mai wankin babur ne ya kawo mana labari, ya ce motar asibiti ta tafi da ita.

Gwaggo tana tsaye da kwalba a hannu, an riga an fasa mata. Ta ajiye ta a kan teburina ta ce, "Dou, kashe wutarki. Tare mana mota."

Kangping ya fito a guje. "Gwaggo, ba ki shiga asibitin nan! Duk unguwa na can!"

"Dubiya zan je. Ko mai shekara casa'in ba ta zuwa dubiya?"

Haka kuwa aka yi, duk 'yan rawar suna ɗakin, sun kewaye gadon da lemo da ayaba. Iya Mu ta farfaɗo, hannunta ɗaya ya ɗan yi nauyi amma bakinta lafiya lau, tana ta faɗa wai an bar maficinta a dandali. Wata matashiyar likita mai tabarau tana yi mata faɗa kan barin magani. Muna shiga, Kangping yana biye da mu yana haki, likitar ta dubi yadda Gwaggo ke jan ƙafa.

"Iya, zauna nan. Cire takalmin."

Aka cire. Yatsan ya yi baƙi. Likitar ta sa aka huda mata ɗan yatsan hannu aka auna, ta dubi abin awon, ta sake dubawa.

"Iya, me kike ci haka? Shekararki nawa?"

Kangping ya yi wuf ya ce, "Casa'in. Ai ba ta taɓa..."

"Ita na tambaya."

Gwaggo ta dubi Kangping. Ta dubi Iya Mu a kwance da robar ƙarin ruwa a hannu. Ta gyara zama.

"Saba'in da ɗaya, 'yata. Ciwon suga gare ni tun ina ƙauye. Ƙwaya nake sha safe da yamma, 'yar araha, ita ta riƙe ni. Wancan ruwan zuma ne, kuma tun bazara nake shan sa kamar kifi."

Sai Iya Mu ta yunƙura daga kan filo.

"Saba'in da ɗaya? Saba'in da ɗaya! Ni saba'in da shida! Ashe ƙanwar bayana ce! Ni nake zuba mata shayi da hannu biyu, ni nake ba ta kujera mai jingina a wurin majiang!"

Wata ta ce, "Ni na tashi mata a bas, da ƙafata mai ciwo!"

Dariya ta ɓarke, har mai gadon kusa da ba ta san kan zancen ba tana yi. Gwaggo ma tana dariya, hawaye suna wanke jan kumatunta. Ta ce, "Mu, ki yafe mini. Na ga kin ɗauki kwalin nan ban buɗe baki yadda ya kamata ba."

"Zan yafe, amma daga yau ke ce mai zuba shayi."

Da na waiwaya, Kangping ba ya ɗakin.

Sai da aka cire mata yatsan. Ta yi kwanaki a gadon da ke kallon na Iya Mu, suna ta cacar baki daga gado zuwa gado har ma'aikatan jinya suka saba. Ta ce mini, "Yaron nan ya ara mini shekara goma sha tara, na biya shi da yatsa ɗaya. In ka duba ma ni na ci riba."

Kangping ya zo sau ɗaya da kwandon tuffa. Ina wurin. Ya ajiye kwandon bai zauna ba.

"Gwaggo, kin san abin da kika yi mini? Mutane suna dawo da kwalaye suna cewa in ba su kuɗinsu. Na sauke ƙyalle. Da kin yi haƙuri ai da ni da kaina na kai ki wani gari. Maganar gida ce kika kai gaban duniya."

Ta ɗauki tuffa ɗaya tana juyawa. "Ping, ka ci abinci?"

"Ba maganar abinci nake yi ba."

"Je ka ci. Ka rame. Ka ce wa Lifen ta haɗa mini kayana a jaka, Dou za ta karɓo. Mu ta ce ɗakin ɗanta ba kowa."

"Mutane za su ce na kore ki!"

"Sai ka ce musu na tafi yawon buɗe ido. Ka iya rubutu a ƙyalle."

Ta koma gidan Iya Mu. Da ƙafar ta warke sai ta riƙa zuwa rumfata da safe, ta zauna tana taya ni naɗe baozi, ina biyan ta abin da na iya. Jikinta ya dawo, bakin kuwa dama bai je ko'ina ba. Kangping in ya fito buɗe kanti ya gan ta sai ya ce, "Gwaggo, ina kwana," cikin wuyan rigarsa. Ita kuma ta tura masa baozi biyu ta ce in cire a kuɗinta.

Na ɗauka abin ya ƙare ke nan. Amma mutane masu mantuwa ne, kuma kwalaye na nan jibge a ɗakin da ta bari. Bayan sabuwar shekara sai ga Kangping a kan tsani. Sabon ƙyalle, sabon hoto, wani tsoho mai farin gemu har ƙirji, SHEKARA CASA'IN DA UKU. Ruwan ma an canza masa suna da launin kwali.

Da rana tsohon ya zo rumfata shan madara. Gwaggo ta matsa masa a benci.

"Yayana, sannu da aiki. Tsakani da gaskiya, nawa?"

Ya duba hagu da dama. "Sittin da takwas. Gemun ne ya taimake ni."

"Sunanka?"

"Tao. Daga bayan kogi."

"To Malam Tao, ni na riga ka a wurin nan. Ka kula da cikinka, kada ka yarda ka wuce kwalba ɗaya a yini."

Ya ce, "Sha? Ai ni ba na sha ko ɗigo. Riƙewa kawai nake yi in yi murmushi. Albashina duk ƙarshen wata, Lahadi hutu, in rana ta yi zafi in shiga ciki. 'Ya'yana maza uku suka rako ni ranar farko, babban ya ce ko atishawa na yi a kantin nan sai sun haɗu a kotu. Mai kantin nan mutumin kirki ne, ko kaɗan bai yi musu ba. Kullum sai ya tambaye ni ko na gaji."

Ya shanye madararsa, ya shafa gemu, ya koma bakin aiki.

A layinmu kowa ya san haƙƙin ɗan ƙwadago, har da ranar hutunsa. Wadda ta goye ka kuwa ba ta da albashi, ba ta da Lahadi, kuma in an cuce ta sai a ce maganar gida ce, kada a fitar.

Gwaggo ta ɗauki wani curin ƙullu ta baje shi a tafin hannu, ta zuba nama, ta fara naɗewa.

"Kin ji ko, Dou? Shi yana da 'ya'yan da za su kai ƙara. Ni ɗan da zai kai mini ƙara, shi ne mai kantin."

Ta murɗe bakin baozin ta jera shi a tukunya, ta ɗaga murya yadda za a ji har cikin kemis.

"Masu zafi! A zo a saya! Ba sa ƙara wa kowa shekara, amma akwai nama a ciki!"